Gidan gem ɗin da muke zuwa: wuta da netwok ba a cewa komai, matsalar tana bakin mayik

Toh jama'a, tun watan jiya wasu ke ta damuna da tambaya wai wane gidan gem muke zuwa ni da ƙanina a nan Kano, ya wajen yake, mutum ya kai kuɗinsa ko kar ya kai. Na ta ja da baya ne saboda abun da zan faɗa ba duka ne mai daɗi ba, kuma mai wajen mutumin kirki ne wallahi, yana da iyali, da shagon nan yake riƙe su. Dan haka ba zan kama sunan wajen ba, ko unguwar ma ba zan faɗa ba, wanda ya sani ya sani. Kuma duk ƙorafin da za ku gani a nan na riga na faɗa mai ido da ido, kar wani ya ɗauka ya kai mai a matsayin gulma.

Wata takwas kenan muna zuwa, ni yawanci bayan na tashi daga kasuwa, sai Asabar da nake wuni. Bari in fara da alherin wajen dan yana da yawa. Wuta dai ba ta taɓa yanke mana wasa ba, yana da sola da batura, ga inji a baya in hadari ya kwana biyu, ko an ɗauke wuta ba za ka sani ba sai dai ka ji maƙwabta sun yi tsaki. PS5 huɗu, PS4 uku da yara suka fi hawa saboda sauƙin kuɗi, sai ɗaki na ciki da aka jera kujeru da soket-soket na 'yan waya, irinmu masu Call of Duty Mobile da PUBG da 'yan Free Fire, ka biya kuɗin wifi na awa ka zauna. Naira 500 awa ɗaya a ɗakin waya, PS5 kuma 1,500, in ka saba ana ɗan yi maka ragi. Starlink, intanet ɗin nan na tauraron ɗan adam, ya ɗora a saman rufi, wannan da ya shigo Najeriya a Janairun 2023, kuma gaskiya bambancin a bayyane yake, a gida da data sai ka ga ka harbi mutum harsashin bai isa ba sai bayan ya riga ya kwantar da kai, a can kuwa ping ɗin, wato saurin amsawar netwok, a zaune yake sai dai in ruwa ake tsugawa kaman da bakin ƙwarya. Ana rufe sikirin in an kira sallah, ba a shan sigari, ba a caca aƙalla ba a fili ba. Pad guda biyu, abun da ake riƙewa a hannu a sarrafa wasan, suna jan ɗan wasa gefe ɗaya ko ba ka taɓa ba, an faɗa an gaji, kujerar kusa da ƙofa kuma kar ka zauna, ƙafarta ɗaya bulo ne. Iya nan da ace shi ne duka labarin da tauraro biyar zan ba shi in tafi.

Abun ya fara ne da hedfon. Da can kowa da ɗan iyafis ɗinsa yake zuwa, rabi ba sa ji, mayik ɗin kaman kana magana daga cikin rijiya, toh sai Oga, mai wajen, ya yi hoɓɓasa ya sayo manyan hedfon guda goma masu mayik mai kyau wanda ko numfashi ka ja sai an ji, muka yi ta sa mai albarka. Ashe mayik mai kyau ba umarninka kaɗai yake kaiwa ba, har garinku yake kaiwa.

Ranar farko da na saka, mu biyu ne ni da ƙanina sai gem ya cika mana sikwad, wato tim ɗinmu, da wasu biyu da ba mu sani ba, daga jin Turancinsu 'yan kudu ne. Lafiya lau muka sauka, har ɗaya ya jefo min sulke. Sai na hango mutane a saman bene na buɗe baki na faɗa musu da Turancina irin na ɗan makarantar gwamnati, kun san mu da harafin nan da muke juyawa, maimakon people mu ce fiful. Shikenan. Dariya ta ɓarke, ɗayan ya ce au ashe aboki ne, wai wa ya ba aboki waya, wai in ajiye in je in ci gaba da gasa tsire, ɗayan ya ce a'a wannan ai gwani ne a bam tunda sana'ar gidansu ce, Boko Haram. Minti kusan ashirin ana abu ɗaya, aka kwantar da ni suna tsaye a kaina suka ƙi ɗaga ni, wai sai na ce fiful sau uku. Ni dai na girma, na yi zaman Legas shekara biyu, na san kalman nan tun kafin a ƙirƙiri gem ɗin, amma duk da haka sai da na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro. Kalma ce tamu fa, aboki, wadda ba mu da wadda ta fi ta daɗi, aka karɓa aka wanke ta da ruwan kwata aka dawo mana da ita.

Kar ku ce 'yan kudu ne kawai. Akwai daren da muka faɗa cikin Larabawa, ƙanina ya yi farin ciki ya rangaɗa musu sallama har da wabarakatuhu, suka amsa da kyau, ɗaya ya tambaya daga ina, ya ce Najeriya, sai muka ji abid, abid, ana ta kyakyatawa. Yaron nan ya yi Islamiyya, ya san ma'anar bawa, ba sai an fassara mai ba. Wannan ta fi yi mai ciwo fiye da ta 'yan kudu da ta Turawan da ke mana kukan biri duk a haɗe, dan shi a tunaninsa sallama katanga ce. Ba duka ba ne fa, in faɗi gaskiya, akwai wani ɗan Masar da muka yi wata biyu muna wasa tare har yana tambayar yadda ake cewa na gode, akwai wani ɗan Inugu da har yau in ya ganni a layi sai ya gayyace ni. Amma mutum goma su gaishe ka ɗaya ya tofa maka yawu, da yawun za ka kwana.

Abun da ya biyo baya shi ne wanda iyaye ba sa gani. Ƙanina shekararsa 17, da sunansa na gem har da Kano a ƙarshe da tutar Najeriya, cikin sati biyu ya cire tutar, ya sayi katin canza suna ya koma wani sunan Bature da ko shi bai iya faɗa daidai ba, sannan ya kashe mayik gaba ɗaya. Wanda bai san gem ba zai ce toh ai shikenan an huta, amma wasan nan na magana ne, musamman in kuna rank, wato wasan hawa matsayi, mutum biyar da biyar, dole wani ya ce ga su ta hagu, saura ɗaya, ya ji rauni, ku rufe min baya. Wanda ya yi shiru kaman ɗan ƙwallon da aka ɗaure wa ido ne. Ya fara shan kashi a wasan da ya fi ƙarfinsu, rank ɗinsa ya tsaya cak, shi da yake mafarkin kai matakin ƙoli na Legendary, sai ya dawo gida yana huci yana yi wa ƙannenmu tsawa akan abun da bai kai ya kawo ba, Umma ta ce gem ne ya lalata shi a karɓe wayar. Ba gem ba ne Umma, mutanen cikin gem ɗin ne. Har a makaranta malaminsu ya ce ya dena ɗaga hannu a ajin Turanci.

Na ɗan bi abun na karanta dan in san ko mu kaɗai ne. Wata ƙungiya a Amurka da ake kira ADL ta yi bincike a 2019 a kan manya masu wasan intanet da jama'a, 74 cikin 100 suka ce an taɓa cin zarafinsu, kuma cikin waɗanda aka ci wa zarafin 53 cikin 100 sun ce saboda launinsu ne ko addininsu ko jinsinsu ko wata nakasa. Wajen da ya tsaya min shi ne 23 cikin 100 sun ce sun rage shiga mutane, 1 cikin 10 kuma har tunanin baƙin ciki mai tsanani ko na kashe kai ya zo musu. Manya kenan fa, a ƙasar da yarensu ne ake yi a gem ɗin, ina ga yaro ɗan 17 da ake wa dariya tun daga harafin farko. Kamfanonin ma sun san da abun, masu Call of Duty sun saka wata na'ura mai sauraron murya, ToxMod, a manyan wasanninsu na kwamfuta da PlayStation da Xbox tun 2023, da Turanci ta fara, kuma farkon 2024 suka ce akawun sama da miliyan 2 sun sha hukunci ta dalilinta, suka kuma ce a cikin masu jin zagin kusan 1 cikin 5 ne kawai ke kai ƙara. Amma ni abun da ya ban dariya mai ciwo, a ce ma na'urar ta ji an ce min aboki, ta duba ƙamus, me za ta gani? Za ta ga an kira ni masoyi ne, ta wuce abunta.

Toh duk wannan ba laifin Oga ba ne, ba shi ya haifi mutanen duniya ba, kuma da a nan abun ya tsaya da ban rage mai ko rabin tauraro ba. Inda zan rage mai shi ne abun da ke faruwa cikin ɗakin nan nasa, ƙarƙashin fankarsa, tsakaninmu mu da muke jin yare ɗaya.

Akwai wani yaro ɗan Maraɗi da ke zama wajen kawunsa a Kantin Kwari, ya fara zuwa bayan ƙaramar sallah. Ban taɓa ganin mai hannu a sinaifa, bindigar harbi daga nesa, irinsa ba, da wata tsohuwar Tecno mai fasasshen gilashi yake wasa, wayar na zafi kaman dutsen guga, amma in ya leƙa sau ɗaya an gama. Muka ja shi sikwad ɗinmu da gudu. Matsalarsa ɗaya, in ya ji daɗi ko ya ruɗe sai harshen gida ya fito, ya ce awo, ya ce mi kake hwaɗi, wani lokacin lissafi ma da Faransanci yake zubo shi. Aka sa mai suna Awo. Ya shigo, Awo ya zo, ya kashe mutum, Awo ya yi, ya faɗi kuma a ce dama me ɗan ƙauye ya sani, wai a garinsu raƙumi ne netwok. Farko yana dariya, mu ma muna yi, eh har da ni, ba zan zo nan in yi muku ƙaryar waliyyantaka ba, na yi dariya sosai ranar da wani ya kwaikwayi muryarsa dan kwaikwayon ya yi kama. Sai a hankali na lura ya dena magana a mayik, sak irin na ƙanina, yana ganin mutum zai zagayo mana ta baya sai dai ya danna alama a taswira ya yi shiru. Daga baya ya koma zama kujerar bulo ta bakin ƙofa wadda kowa ke gudu. Sannan ya dena zuwa.

Ga wani mai in'ina shi ma, wannan ko sati uku bai yi ba, kafin ya gama cewa ga su nan an riga an amsa mai da ga-ga-ga daga kusurwa huɗu. Ga rabon aji da ake yi da waya, 'yan iPhone da iPad suna layin gaba kusa da AC, ba wanda ya rubuta haka amma kowa ya san wajensa, masu Itel da ƙananan Infinix suna baya, kuma in ana haɗa tim sai an leƙa hannunka kafin a kalli fuskarka. Na yarda waya mai kyau tana ba da dama, hoton ya fi gudu, wasu ƙananan wayoyin ma ba su da abun nan da kake karkata waya bindiga ta bi, amma ai ɗan Maraɗin nan da fasasshiyar Tecno ya sha kwantar da masu iPad. Sai sikin, wato kayan kwalliyar ɗan wasa da bindiga, wanda bai taɓa sayan kuɗin cikin gem irin su CP ko UC ko dayamon ba yana yawo da kayan da gem ya ba shi kyauta sunansa bot, wato ɗan wasan kwamfuta da bai iya komai ba, ko ya fi kowa kisa. Na san yaron da ya cinye kuɗin rijistar jarabawarsa a kan sikin ɗin bindiga ɗaya tak dan a dena ce mai bot ɗin talakawa, uwarsa har shagon ta zo tana kuka.

Mata kuwa wannan babi ne mai zaman kansa. 'Yar yayarmu tana PUBG a gida, ta kai babban matakin Ace da kanta ba wanda ya ɗauke ta, amma da sunan namiji take wasa kuma ba ta taɓa buɗe mayik sai in mu ne, ta ce in suka ji muryar mace abu biyu ne, ko a ce ta koma kicin ko a fara neman lambarta, wani ma ya haɗa duka biyun a numfashi ɗaya. Ba ita kaɗai ba ce, wani bincike da kamfanin Lenovo ya sa aka yi a 2021 kan mata 'yan gem a Amurka da Jamus da Chaina ya nuna 59 cikin 100 suna ɓoye cewa su mata ne. Da Oga ya shirya gasa ta ce tana so, na rako ta da kaina da hijabinta har ƙasa, Oga ya karɓe ta da mutunci ya ba ta kujera gefe, wannan na yaba mai. Amma tana fitar da wani a zagaye na biyu ɗakin ya kaure, ba ita ake yabo ba, shi ake wa ihu wai mace ta ci shi, shi kuma dan ya wanke kansa ya ce ai duk macen da ke zuwa irin wajen nan an san ko wace ce. Ta ajiye hedfon ta ce Kawu mu tafi. Ba ta ƙarasa gasar ba kuma ita ke kan gaba.

Wadda ta sa na kasa haƙuri kuma a gidanmu ta fito. Akwai wani yaro Ibo daga Sabon Gari da ke zuwa buga FC, gem ɗin ƙwallon da a da ake kira FIFA, a PS5, haifaffen Kano ne, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya zura wa ƙanina huɗu ba ko ɗaya, sai na ji ƙanina, wannan dai da aka ce wa aboki ya kwana biyu ba ya cin abinci, ya miƙe ya ce dama nyamiri ai sai da cuta, arne kawai. Ɗakin aka yi dariya, yaron shago ma da ke karɓar kuɗi yana dariya. Ana cewa ita ma kalmar nyamiri daga yarensu aka ɗauko ta, daga ba ni ruwa, wato abun da aka yi wa aboki shi muka yi wa tasu, ruwa mutum ya roƙa muka mayar mai da shi zagi. A hanya na ce mai kai yanzu ba ka ji kunya ba, ya ce Yaya ai wasa ne. Na ce waɗanda suka ce ka faɗi fiful su ma haka za su ce. Wanzami dai ba ya son jarfa. Bai ƙara magana ba har muka isa gida.

Washegari na samu Oga kafin mutane su taru. A bangon shagon akwai takarda da aka lika, banda shan taba, banda faɗa, banda caca, wanda ya fasa pad zai biya, banda bashi. Na ce Oga ka kare pad ɗinka ka kare aljihunka, mutanen da ke zaune fa? Ya ce haba Malam, yara ne, wasa ne irin namu na gado, ai Fulani da Barebari ma haka suke, Kanawa da Zage-zagi haka, ka taɓa ganin an kai ƙara? Kuma na san har zuciyarsa haka ya ɗauka. Na ce mai Oga wasan taubasai ai yana da ƙa'ida, Bafulatani ya jefa Babarbare ya rama, su biyun su yi dariya, in ɗaya ya shiga matsala ɗayan ne farkon zuwa, kuma ba a taɓa yin taubasantaka mutum goma sha biyu a kan yaro ɗaya baƙo da ba shi da bakin ramawa ba. In ɗaya na dariya ɗaya na haɗiye yawu wannan sunansa daban. Ya yi shiru yana juya makulli a hannu.

Da na ga ta nan ba za ta ɓulle da sauri ba sai na bi ta inda na san zai ji, Oga ɗan Arsenal ne na mutuwa. Na ba shi labarin Ian Wright, tsohon ɗan wasan Arsenal baƙar fata, yadda wani matashi ɗan 18 a ƙasar Ayilan ya sha kashi a FIFA a 2020 da Wright ɗin cikin tim ɗinsa, ya bi shi Instagram ya zazzaga mai zagin launin fata, abun har kotu, kuma a 2021 kamfanin EA mai gem ɗin ya kore shi daga wasanninsu har abada. Na ce kuma ka tuna duk PS5 ɗin nan da akawun ɗin shago ake hawa, PS5 tana ba mutum dama ya yanko sakan 40 na muryar wanda ya zage shi a hirar murya ya tura ƙara, ranar da wani yaro ya zagi wani da hedfon ɗinka ba yaron za a rufe ba, akawun ɗinka ne da duk wasannin da ka saya a ciki. Nan ne fa ya gyara zama. Kwana biyu aka ƙara layi a takardar da jan biro, banda zagin ƙabila ko addini ko iyaye, wanda ya yi zai bar wajen sati ɗaya.

Na ji daɗi, kuma an ɗan samu sauƙi, ƙarya ne in ce ba a samu ba, yaron shagon ma ya dena tayawa. Amma ga inda taurarin suka zube. Dokar ta fara aiki a kan wani ɗan Free Fire mai awa ɗaya, ya ce wa wani ɗan ƙauye, aka kore shi sati guda, daidai ne. Bayan kwana huɗu wani ɗan gidan masu hali da ke kama PS5 awa huɗu kullum shi da abokansa, ga lemo ga shawarma ana aikowa, ya kalli yaron Sabon Garin nan ya maimaita kalmar da ƙanina ya faɗa har da ƙari a gaban Oga, Oga ya duƙar da kai yana danna kalkuleta kaman an aiko mai da lissafin shekara. Na kalle shi ya kalle ni. Daga baya ya ja ni gefe ya ce Malam ka gane, haya ta ƙaru, kuɗin intanet ɗin nan ba wasa ba, in yaran nan suka koma wani wajen na shiga uku. Na gane mana, ni ma ɗan kasuwa ne. Amma yaran layin baya su ma sun gane, sun ga jan biron na masu naira 500 ne.

Dan haka uku cikin biyar nake ba shi. In FC za ka buga da abokinka ku tashi, ko kana son netwok mai kyau ka hau rank da sikwad ɗinka da kuka saba, je ka, da wuya ka samu kamarsa a kuɗin nan, ka je tsakanin azahar da la'asar ko safiyar Asabar kafin a cika, bayan isha'i ne bakin ke buɗewa. In za ka hau da baƙi ka mayar da mayik da lasifika kan 'yan tim ɗinka kawai, wanda ya fara ka yi miyut ɗinsa, ka rufe muryarsa shi kaɗai kar ka kashe naka, ka danna rifot ka kai ƙararsa ko kana ganin ba abun da zai faru, kuma dan Allah kar ka tsaya ramawa, na gwada, ƙarshenta kai ne za ka tashi da ciwon kai su sun wuce wasa na gaba. In ƙaninka ne ƙarami ko ƙanwarka, kar ka sauke su a ƙofa ka tafi, shiga ka zauna ko awa ɗaya ne ka ji da kunnenka. In kuma Hausarka ba ta Kano ba ce, ko kana da in'ina, ko wayarka ƙarama ce, ba zan ce kar ka je ba, amma ban isa in ce maka za ka ji daɗi ba.

Ƙanina dai ya dawo da tutar, sunan Baturen yana nan dan katin canza suna kuɗi ne. Ya ba yaron Sabon Gari haƙuri da bakinsa, ban sa shi ba, yanzu har haɗa su ake a tim ɗaya.

Shekaranjiya na shiga Kwari sayo wa Umma atamfa sai ga ɗan Maraɗin nan yana sauke dila a ƙofar shagon kawunsa, muka gaisa, na ce ka ɓuya, ya ce yana nan, yanzu a ɗaki yake wasa da datar dare, netwok ɗin na wahalar da shi amma ba komai. Na ce kana buɗe mayik? Ya yi murmushi ya girgiza kai. Na ba shi haƙuri kan dariyar da na yi, ya ce wallahi Yaya ya wuce, na ce toh akwai gasa ranar Asabar, mu uku ne har yanzu ba mu samu sinaifa ba, ni zan biya maka rijista kuma kusa da ni za ka zauna ba kujerar bulo ba. Ya ce zai duba in kawu ya bar shi. Ranar Alhamis ake rufe rubuta suna, na ce wa Oga ya bar layi na huɗu a buɗe.